Kasuwar da Babu Bayin Mata

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, shi ya zana sabuwar kasuwar garinsu. Shaguna reras, ga fitilu, ga wurin ajiye motoci. Har matarsa ya kama wa shago tana sayar da atamfa.

Wata rana mai gadin kasuwar ya ja shi gefe. "Ranka ya daɗe, ba gulma ba, amma kullum da rana sai Hajiya ta rufe shago ta shige gidan can mai jan ƙyaure."

Shi ke nan, zargi ya shiga. Abinka da mai kishi, komai ta yi ya zama hujja. Ta fita da safe ko ruwa ba ta kurɓa ba, ya ce zumuɗi ne. Ta dawo fuska a yamutse, ya ce rashin gaskiya ne. Da ya tambaye ta wa take zuwa gani, sai ta sunkuyar da kai. "Baban yara, bar maganar nan, da kunya."

Kunya? Ai sai ta ƙara wa wutar fetur.

Washegari ya laɓe bayan wata mota. Matarsa tana shiga gidan ya banke ƙyauren yana ihu: "Ina kwarton yake? Yau asirinki ya tonu!"

Sai ya yi turus. Matan kasuwa ne cike da tsakar gidan, kowacce da buta, sun yi layi a ƙofar bayi ɗaya. Har da mai tsohon ciki, ta dafa bango tana cije leɓe.

Tsohuwa mai gidan ta dube shi sheƙeƙe. "Kwarto kuma, ɗan nan? Kasuwarku ce babu bayin mata. Ku maza kwa zaga bayan katanga, su fa?"

Nan ya tuna. Shi da hannunsa ya soke wurin a zane, ya mai da shi shaguna. A taron tsara kasuwar kuwa babu mace ko ɗaya balle ta ce uffan.

Matarsa ta ajiye butar, idonta ya ciko. "Ƙishirwa na jure, ciwon mara na jure, don kar in kushe aikinka. Ashe zargina kake, har ka tozarta ni a gaban abokan sana'ata?"

Daga nan gidan yayanta ta wuce. Ya rushe shagunan ya gina bayin, ya yi biko har ya gaji, amma har yau ba ta dawo ba.

Darasi: Kada ka tsara wa mata wuri ba ka ji ta bakinsu ba, kuma kada zargi ya riga bincike. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani gidan ya tsira.