Telar da Ta Sha Maganin Yayarta

Akwai wata tela da duk layinsu ba mai kiranta da sunan yanka, sai Na-Gane. Hannunta yana da kyau a ɗinki, wannan ba gardama, amma ba ta iya jira ba ko kaɗan. Kafin mai kaya ta gama faɗin yadda take son wuyan riga, sai ta ce, "Na gane," ta sa almakashi. Tef ɗin awonta yana rataye a ƙusa, da ido take auna mutane. Yadin da ta ɓata ta haka, Allah kaɗai ya san yawansa.

Aurenta ya kusa shekara, ba ko ɓatan wata. Al'adarta tana zuwa a kan lokaci, kuma duk zuwanta sai ta shige bayan labulen gwaji ta sha kuka. Mijinta, mai gyaran lantarki, bai taɓa ce mata uffan a kan haihuwa ba, amma ita haihuwa take so, kuma yanzu-yanzu take so.

Da ta je asibiti, likita ta tura ta hoton ciki, ta ce ta dawo da sakamakon su yi magana. Mai ɗaukar hoton ta goga mata ruwan nan mai sanyi a mara, ta ƙura wa allo ido.

"Ina ganin 'yan jakunkuna da yawa a ma'ajiyar ƙwanki, a jere kamar maɓallai. Amma wannan kaɗai ba ya nufin..."

"Na gane," in ji tela, ta miƙe.

Ta leƙa ƙofar likita, ta ga benci cike da mata. Ta ja tsaki, ta wuce gidan yayarta. Ita yayar ta daɗe tana fama. Al'adarta takan ɓace wata da watanni, gashi ya fito mata a haɓa, kuma hotonta ya nuna irin waɗannan jakunkuna. Sai da likita ta ɗora ta a kan maganin sakin ƙwai kafin ta samu 'yarta.

"Yaya, ciwonki ne ya kama ni. Ina ragowar maganin nan?"

"Likita ce ta ce?"

"Sai ta faɗa? Ni da ke awonmu ɗaya. Rigarki ma ba tare da na auna ki ba nake yankawa."

"Ke, jiki ba atamfa ba ne. Ni sai da aka ɗebi jinina, kuma ina sha ana duba ni. Ki koma asibiti."

Ta ce to. Yaya tana shiga yi wa 'yarta wanka, tela ta ja durowa, ta cusa kwalin a jaka. Ta ga ƙwaya ɗaya ta yi mata kaɗan, sai ta riƙa ninkawa. Da ya ƙare ta nuna kwalin a wani shagon magani ta ƙaro, mijinta bai san wainar da ake toyawa ba.

Ba a daɗe ba mararta ta yi nauyi, zuciyarta tana tashi. Murna ta kama ta, ta ɗauka ciki ne, har ta farke ƙugun siket ɗinta ta ƙara masa faɗi. Wata rana da hantsi tana kan keke, sai wani ciwo ya soke ta a gefen mara na dama. Ta cije leɓe ta ci gaba da taka keken, wai laulayi ne. Ciwon ya lafa, ya dawo da ƙarfi, zufa tana karyo mata, ta yi ta amai, amma tsoron a tambaye ta abin da ta sha ya hana ta magana. Sai da rana ta yi sanyi maƙwabciyarta mai kitso ta tarar da ita a ƙasa cikin ƙyallaye, ta kira mijin.

A asibiti likita ta danna cikin, ta dubi sabon hoto, fuskarta ta canza.

"Me kika sha? Faɗa min gaskiya, ba mu da lokaci."

Tela ta nuna jakarta. Mijin ya zaro kwalin, ya miƙa wa likita.

"Maganin ya kumbura ma'ajiyar ƙwai ta dama har ta murɗe, jini ya daina kai mata," in ji likita. "Tiyata za mu yi yanzu. Zan yi ƙoƙarin ceto ta, amma ban yi alkawari ba."

Ba a ceto ma'ajiyar ba. Ta riga ta mutu, sai cire ta aka yi.

Da tela ta samu kanta, likita ta zauna a bakin gado, yaya tana tsaye idonta jawur.

"Mata da yawa suna da waɗannan jakunkuna, kuma lafiyarsu ƙalau suke haihuwa. Ƙwayaye ne da ba su nuna ba. Ba ma cewa mace tana da ciwon yayarki sai alama biyu sun haɗu cikin uku: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza a jiki, da wannan hoton. Ke hoton kawai gare ki."

"Na ga..." Sai ta katse kanta. Ta tambaya a hankali, "To da na jira a bencin nan fa?"

"Da na duba jininki, na duba maigidanki, wataƙila na ce ku ƙara 'yan watanni. Ta hagu tana nan, kuma da ita ana haihuwa. Amma yanzu sai kin warke tukuna, sai kin jira."

Tela ta ɗora hannu a kan ɗinkin da ke mararta, ta juya ga bango tana kuka. Ta fita neman maganin ciwon da ba ta da shi, ta dawo da rabin abin da Allah ya ba ta.

Darasi: abin da hoto ya nuna daban, ciwo daban. Ganin jakunkuna a ma'ajiyar ƙwai ba hukuncin rashin haihuwa ba ne, kuma ko mai ciwon tana samun taimako a hannun likita. Kada ki sha maganin da aka rubuta wa wata, ko da cikinku ɗaya, kuma in ana miki bayani ki bari a kai ƙarshe. Zaman benci yana da ciwo, amma gaggawa tana iya raba mutum da abin da ba ya dawowa.