Itatuwan da Suka Yi Kuka a Wuta

Akwai wani mutum a ƙasar kan dutse wanda ya dasa lambun lemo a gefen rafi. Shekara da shekaru yana ɗebo wa itatuwan ruwa da tulu, yana korar awaki, har itatuwan suka kai lokacin da za su ba shi 'ya'yan fari. Ba shi da wata gona sai wannan.

Wata safiya ya fito ya tarar raɓa ta daskare a kan ganye, fari fat kamar an watsa gishiri. Bai taɓa ganin sanyi irin wannan ba. Da rana ta ɗaga, farin ya narke, ganyen kuwa suka yi baƙi ƙirin, suka lanƙwashe. Tsuntsaye suka bar wurin. Ko ƙuda ba ya ratsawa.

Daga ranar lambun ya fara ba shi tsoro. In ya bi ta wurin sai ya ga itatuwan a jere, baƙaƙe, shiru, kamar mutanen da suka zo gaisuwar mutuwa suka ƙi tafiya. Wani lokaci busassun ganyen sukan yi motsi alhali babu iska. Namiji da gemunsa, sai ga shi yana zagaye ta bayan dutse don kada ya haɗa ido da itace.

Da abin ya ishe shi, ya ɗauko gatari yana wasawa. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar su su ga ruwan farko mana. Saurin me kake yi?"

Ya ce, "Ke ba ki da ido ne? Sun mutu. Gara in share wurin in sa dankali, in huta da ganinsu."

Ya sare su duka. Ya haƙe saiwoyin, ya tara su da itatuwan a tsakiyar lambu yadda manoma suke yi in suna sharar gona, ya cusa busasshiyar ciyawa, ya sa wuta. Wutar ta yi ta ƙin kamawa. Hayaƙi fari mai kauri ya kwanta a ƙasa, ya ƙi tashi sama. Shi kuwa ya yi ta ƙara ciyawa har ta ci.

Sa'an nan ya ji wata 'yar murya siririya, kamar jariri yana kuka daga nesa. Ya waiga, ba kowa. Ya leƙa rafi, ba kowa. Kukan ya ƙaru, ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama da yawa. Sai ya gane daga cikin wutar yake fitowa.

Ya matsa kusa. A bakin kowane itace, inda gatari ya sara, ruwa yana tsattsafowa, yana kumfa, yana ɗiga cikin toka. Duk wanda ya taɓa hura wuta ya sani busasshen itace ba ya yin haka. Ya fizgo reshe ɗaya, ya kankare ɓawon da farce. Ciki kore ne shar, da danshinsa, ga wani ɗan toho kamar ƙwayar gero.

Ya kwarma ihu, ya shiga jan itatuwan da hannu har tafinsa ya sale. Amma me zai mayar a ƙasa? Saiwoyin ne wuta ta fara cinyewa. Ya zauna cikin hayaƙi yana sauraro har kukan ya ƙare.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Itatuwan mutane ne da Allah ya sa a hannunmu, a gida da cikin ikkilisiya. Sanyin kuwa masifa ce da takan sauko ba sallama: rashi, ko ciwo, ko faɗuwa cikin zunubi. Mutum yakan yi baƙi daga waje. Ya daina zuwa sujada, waƙa ta mutu a bakinsa, in an gaishe shi ya sunkuyar da kai. Mu kuwa ganinsa yana damunmu, sai mu ce ya riga ya lalace, don mu samu mu huta. Abin yana ba ni baƙin ciki, domin gatarinmu harshe ne, kuma kullum a wase yake.

Ubangiji ne kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin ɓawo, shi kuwa mai jira ne. Ka tuna da wanda wurin zamansa ya daɗe ba kowa a nan ɗakin sujada. Ka je gidansa makon nan, ka zauna, ko da ba zai ce maka komai ba. Kada ya zama sai ranar da ka gama da shi za ka san yana da rai.