Ƙwaya Huɗu Ranar Litinin

In ka ji Don Gaspar Tzunún yana ba da labarin, sai ka rantse tun da aka kafa garinmu ba a taɓa ci wa ɗan Adam mutunci kamar yadda aka ci masa a ƙaramin asibiti ranar wata Alhamis ba. A cewarsa, girgizar ƙasar da ta kayar da hasumiyar coci ma ta fi sauƙi, domin ita ba ta zaɓi mutum ɗaya ta tozarta shi ba. Laifin da aka yi masa kuwa shi ne, wata nas da ya isa ya haife ta ta dube shi a gaban mata goma sha biyu, ta ce ya maimaita abin da ta faɗa.

Shi fa! Mutumin da ya yi wa magadan gari uku tafinta tsakanin Sifaniyanci da yarenmu na Kiche. Mutumin da yake shafa wa gashin bakinsa mai kafin ya wanke fuska. Gaspar ya haura hamsin, yana da daɗin baki da ban dariya, amma yana da wani hali: bai taɓa isar da magana yadda aka ba shi ita ba. Sai ya rage, ya ƙara, ya yi mata ado. Ya taɓa sulhunta wani manomi da jami'in filaye ta hanyar mayar da zaginsu gaisuwa, har suka rabu suna rungumar juna. Tun daga ranar ya yarda cewa ya fi kowane mai magana sanin abin da ya kamata a faɗa.

Yayarsa Micaela ce ta kai shi asibitin. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da kuɗin saƙarta ya yi makarantar da yake taƙama da ita. Ita ba ta jin Sifaniyanci, ba ta karatu. Shekara biyu ke nan ciwon gaɓɓai ya kumbura mata yatsu, har ta daina ɗaura masaƙa a ƙugu. Likitan da ke zuwa sau ɗaya a wata ya rubuta mata magani mai suna methotrexate, ya bar wa nas ɗin, Floridalma, ta yi bayani.

Floridalma ta zaunar da su, ta yi magana a hankali. Ta ce ƙwaya huɗu ranar Litinin kawai, sau ɗaya a mako. Ta ce maganin yana da ƙarfi ƙwarai, in aka sha kullum yakan kashe ɓargon da ke yin jini. Sai ya yi mako shida zuwa takwas kafin a ga amfaninsa. In baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo, ko fata ta yi tabo baƙi-baƙi ba tare da an buge ba, a tsayar da shi, a kawo ta ran nan.

Gaspar ya juya ga yayarsa. "Ta ce ki sha ran Litinin, za ki warke."

"Don Gaspar," in ji Floridalma, "na yi minti biyar ina magana, kai ka gama a numfashi ɗaya."

"Yarenmu ba ya son surutu, Seño," ya ce, wato malama.

"To maimaita min abin da na ce, in ji."

Matan da ke kan benci suka ƙunshe dariya. Gaspar ya miƙe wuya, ya jero mata komai tiryan-tiryan har da gyambon baki, ya ƙara da ɗan sunkuyo irin na masu wasan kwaikwayo. Ta ce ya faɗa wa Micaela haka. Ya juya ya yi dogon bayani da Kiche, yana ɗaga yatsa, fuska a murtuke. Floridalma ta gamsu. Abin da ya faɗa kuwa shi ne yarinyar nan ba ta da tarbiyya, kuma takalminta ya yi mata yawa. Micaela ta mintsine shi. "Kai dai ba ka girma, ɗan nema." Nas ɗin ta zana musu gida bakwai a takarda, ta sa jan alama a gidan Litinin, ta danƙa wa Micaela a hannu.

Mako biyu Gaspar yana kai ƙarar cin mutuncin nan daga rumfar aski zuwa bakin coci. A mako biyun Micaela ta sha maganinta Litinin biyu, yatsun suna nan yadda suke.

Akwai abin da ya hana shi sakat. Tun watan da ya wuce ya tsaya gaban dattawan da ke kula da bikin waliyyin garin, ya yi alkawarin cewa yayarsa za ta saƙa sabon mayafin da za a yafa wa mutum-mutumin waliyyi, shi kuma ya yi jawabin miƙawa. Bai tambaye ta ba kafin ya yi. Saura mako biyar.

A kasuwa ya haɗu da shugaban dattawan, Don Baltazar, yana zaɓen tumatir.

"A'a, babban tafinta! Ina mayafinmu? Ko da baki za ka saƙa mana?"

"In da baki ne, da tuni waliyyi yana da na canji guda goma."

"Na sani. Amma matar Pascual ta ce in yayarka ba ta iya ba, a ba ta. Shi Pascual ma har ya fara haddar jawabi."

Pascual! Mutumin da in ya buɗe baki karnuka ke barin dandali. Gaspar ya koma gida yana lissafi a ransa. Abin da ake sha sau ɗaya a mako ya yi aiki a mako shida, in aka sha kullum ai kwana shida ne. Ya san 'yan asibiti, tsoro ya yi musu yawa, ko maganin tari suka ba ka sai sun ambaci mutuwa. Ya sami Micaela tana gasa wainar masara, tana juya ta da bayan hannu saboda yatsun.

"Yaya, na biya asibiti. Seño ta ce daga yau kullum da safe, huɗu-huɗu."

Micaela ta dubi takardar da ta liƙa a bango. "Amma gida ɗaya ta sa wa ja."

"Wannan na masu farawa ne. Ke kin wuce nan."

"Ka tabbata, Gaspar?"

"Yaya, ni da magadan gari uku suka dogara da ni?"

"Su ba su wanke maka gindi ba," ta ce, ta miƙa hannu ya zuba mata ƙwayoyin.

Rana ta biyar kumburin ya ɗan saɓe. Micaela ta ɗaura masaƙa a jikin ginshiƙi, ta zagaya ɗamarar a ƙugunta, ta saƙa tsawon tafin hannu na jan zare da shuɗi. Ta yi ta kallon yatsunta tana murmushi. Gaspar ya fita ya sanar da duk wanda ya tsaya cewa da an bar shi ya yi karatun likita, da rabin maƙabartar garin nan filin ƙwallo ne.

Rana ta bakwai ta ture wainar masara, ta ce bakinta yana zafi. Ya leƙa, ya ga farare-fararen gyambo a dasashi da gefen harshe. Nan take ya gane, domin da bakinsa ya maimaita wannan kalma a gaban mata goma sha biyu. Amma in ya kai ta asibiti, Floridalma za ta nemi kwalbar, kuma matan nan suna kan benci.

"Barkono ne," ya ce. "Kin cika yaji."

Ya dafa mata ganyen shayi ta kurkure. Washegari ya so ya ce ta huta da maganin, ya rasa dalilin da zai ba ta, sai ya tsaya yana kallo ta haɗiye huɗun da ƙyar. Rana ta tara zazzaɓi ya kwantar da ita. Maƙwabciyarsu Doña Tomasa ta shigo da kunun masara, ta ɗaga mata hannun riga, ta ga tabo baƙi-baƙi har kafaɗa, ga jini yana ɗiga daga hanci.

"Kai, gashin baki! Kana tsaye kana kallo? Nemo mota!"

A ƙaramin asibiti, Floridalma na ganinta ta canza fuska. "Yaya take shan maganin?"

"Yadda kika ce, Seño. Litinin."

"Ina kwalbar?"

"Na manta ta a gida." Tana cikin aljihunsa, saura ƙwaya huɗu a ciki.

Ta rubuta takarda, ta sa sunan maganin a sama da manyan baƙaƙe, ta haɗa su da motar asibiti zuwa birni. A can ma likita ya yi wannan tambayar, Gaspar ya ba da wannan amsar. Likitan ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, kuma abin ya ɗaure masa kai ga mai shan huɗu a mako. Suka tsayar da maganin, suka sa mata na kashe ƙwayoyin cuta, suka shiga binciken wasu cututtukan. Gaspar ya wuni a kan kujerar roba yana gaya wa kansa cewa tunda an daina ba ta, zai fita daga jikinta da kansa.

Washegari da hantsi likitan ya dawo zagaye. Micaela ta kama hannun rigar ƙanenta. Bakinta ya kumbura, maganar tana fita da ƙyar.

"Gaya masa ban yi wasa da magani ba. Kullum da safe na sha, huɗu, yadda Seño ta aiko ka. Ko da baki na ciwo ban tsallake ba. Kar su ɗauka ni tsohuwar banza ce mara jin magana."

Likitan ya dubi Gaspar. "Me ta ce?"

A ɗakin babu mai jin Kiche sai shi. Ƙarya goma ta zo masa a lokaci ɗaya, duk masu kyau. Ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, yatsun nan karkatattu da tabo a kansu. Ya fassara maganarta kalma bayan kalma. Sannan ya ciro kwalbar ya ajiye a kan gado, ya ce kwana tara ne, kuma nas ba ta aiko kowa ba.

Likitan bai zage shi ba. Ya ɗaga kwalbar, ya girgiza, ya ce, "Akwai allurar da ke karya wannan. Da jiya ka faɗa. Da ranar da bakin ya fara ka faɗa." Ya fita yana kiran ma'aikata da gudu.

"Me ka ce masa?" in ji Micaela. "Naka ya fi nawa tsawo."

Gaspar ya buɗe baki. "Na ce kina marmarin kunun masara, Yaya."

"Ka kyauta," ta ce, ta lumshe ido.

An yi mata allurar, an ƙara mata jini. Kwana uku ana fama, cutar da ta shiga jininta ta fi ƙarfin jikin da ba shi da sauran kariya. Ta rasu ranar Lahadi da rana, yana riƙe da ƙafarta, bai gaya mata ba.

Bayan an binne ta, jama'a suka taru a tsakar gidan ana raba kofi da burodi. Nan magana ta tashi. Wata ta ce maganin asibiti ne ya kashe ta, lafiyarta lau ban da yatsu. Wani ya ce yarinyar nan daga ganinta ba ta san aiki ba, ai Don Gaspar ya faɗa tun farko. Doña Tomasa ta share hawaye ta ce ita kam yau za ta zuba ƙwayoyinta na hawan jini a masai, ba za a kashe ta tana kallo ba. Mata biyu suka ce su ma haka. Don Baltazar ya ce gobe dattawa za su je wurin magajin gari a nemi a ɗauke nas ɗin, kuma Gaspar ne zai yi musu magana.

Gaspar ya miƙe. Aka yi tsit, domin an saba in ya miƙe za a ji jawabi. Bai gyara hula ba, bai taɓa gashin baki ba.

"Doña Tomasa, ki sha maganinki. Yarinyar nan ta faɗi komai daidai. Ta ce Litinin kawai, ta ce a kula da baki, ta ce a kawo ta da wuri. Ni ne ban gaya wa Yaya ba. Ni ne na ce mata kullum, don a gama mayafi in yi jawabi. Na ga gyambon, na ce barkono ne. Likita ya tambaye ni, na yi masa ƙarya kwana guda cur. Ita ba ta yi laifin komai ba sai yarda da ni. Ni na kashe yayata."

Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofunansu suka fita, Doña Tomasa ta tsaya ta tattara kofunan.

Mai karatu, magani ba ya gane dabara, kuma adadi da lokacin da aka sa masa ba don tsoro aka sa ba. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka hanzarta shi don wata buƙata taka. In kai ne kunnen wani a gaban ma'aikacin lafiya, na tsoho ko na wanda ba ya jin yaren, ka isar da maganar duka, musamman ɓangaren da ba shi da daɗin ji, domin da shi mara lafiya zai gane haɗari a jikinsa. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun likita yana da abin yi. Kunyar da kake gudu ta wuni ɗaya ce, rayuwar da kake wasa da ita kuwa ta wani ce.