Ragon Sunan da Ba a Ci Ba

An yi wani mutum a garin nan na Abidjan. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wani ya tare ni bayan salla yana tambaya. Sana'arsa yankan kaji a kasuwar Adjamé.

Kun san yadda garin nan yake, kowa da addininsa, nama kuwa sai an tambayi wanda ya yanka. Shi ya sa wuƙarsa ta yi daraja. Da an ce yankan wane ne, Musulmi zai sa hannu ba fargaba. Har Kiristoci sukan kawo masa kajinsu in za su yi biki, don baƙinsu Musulmi su samu su ci.

Yana da aboki Lukumanu, haifaffen Treichville, ɗan boko, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Shi ya fara jan sa maki, rumfunan nan da ake cin kifi da aceke, dambun rogon nan, kwalabe jere a kan tebur. Ya ce masa, "Mon frère, maye aka hana. Kwalba ɗaya da abincin rana ai ba maye ba ne. Turawa kullum sha suke yi, ka taɓa ganin ɗayansu a kwata?"

Ya 'yan'uwa, wa ya naɗa Lukumanu mai ba da fatawa? A gaban wane malami ya durƙusa? Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, wannan ko yaranmu sun sani.

Mutumin ya fara da ɗaya, ta zama uku. Daga nan ya koma kutuku, barasar nan fara kamar ruwa, yana ɗura ta a gora yana ajiyewa ƙarƙashin teburin yanka.

Wanda ya fara zarginsa Malam Mijinyawa ne, tsohon da ke sayar da kaji kusa da shi. Bai ga kwalba ba. Ya dai ga mutum ya koma tauna kanumfari yini guda. In za a yi magana sai ya kau da fuska. Ruwan gorarsa kuma ya daina ba kowa, ko mai ƙishi ne. Sai tsohon ya sa ido a kan leɓɓansa lokacin yanka: wani sa'in su motsa, wani sa'in shiru.

Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Zazzaɓi ne kawai, Baba."

Daga nan tsohon ya fara tura masu sayen kajinsa wajen wani mai yankan. Mata kuwa ba a ɓoye musu irin wannan. Magana ta zaga kasuwa a raɗe.

Ana haka matarsa ta haihu. Mahaifiyarsa ta taso tun daga Katsina, kwana huɗu a mota, don ta ga jikanta. Ranar suna da safe ya zaga bayan gida ya kurɓi abin gorar. Liman ya ce a kawo wuƙa. Mutumin ya ce, "Haba Malam! Ni da nake yi wa gari yanka, a yanka mini?" Ya kayar da ragon ya ba alƙibla baya, sai da Mijinyawa ya juya shi sannan ya yanka.

Da azahar aka jera kwanuka. Mutane suka ci shinkafa ta gefe, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Nama yana nan a tsakiya, ba wanda ya taɓa.

Tsohuwa ta lura. Ta kira ɗanta a tsakar gida ta ce, "Matso. Ƙara matsowa." Ta shaƙi numfashinsa. Sai ta ce, "Ba zan tambaye ka abin da na ji ba. Abu ɗaya zan tambaya. Ka ambaci sunan Allah a kan ragon jikana?"

Ya buɗe baki. Wallahi ya so ya ce e. Ya laluba, ya laluba, ko riƙe wuƙar bai tuna ba.

Ya ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta rufe kwanonta, ta ce a fitar mata da tukunyar naman daga gidan.

Daga ranar ba wanda ya sake miƙa masa kaza. Kiristocin ma suka daina, me za su yi da yankan da baƙinsu ba za su ci ba? Yau amalanke yake turawa a kasuwar da a da yake da teburi. Lukumanu kuwa ko sannu bai zo ya yi masa ba.

Mu da muka ci yankansa fa? Wace kaza ce halal, wacce ce mushe? Har gobe ba mu sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wanda ya ce maka ya san inda zai tsaya, tambaye shi da wane hankalin zai tsaya, tunda shi giyar take fara ɗaukewa.

Ina jin ƙamshin kanumfari a sahun nan. Ban kalli kowa ba, ban kuma ce komai ba.

Allah ya kiyaye mu da kurɓin farko, ya bar mana hankalin da za mu tuna sunansa.