Hutun Ƙadangare a Gidan Kawu Damo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, Barira, sauke ƙafarki daga kan ƙanenki. Kai kuma Tasi'u, da kake ta ƙunƙuni tun da aka kawo ku hutu wai garinmu babu lantarki, buɗe kunnenka da kyau.

An yi wani Ƙadangare a birnin Kano, gidansa a tsagar bango, bayan teburin wani mai shayi. Bai san wahala ba. Ɓarɓashin burodi yana faɗo masa har baki, ruwa kuwa sai dai ya leƙa ƙarƙashin famfo. Aibinsa ɗaya, wutsiyarsa guntuwa ce, tun ranar da ƙafar benci ta datse ta.

Wata damina ya ce shi ma zai tafi hutu ƙasar waje, kamar yadda yake jin manya suna yi. Ya maƙale a bayan motar kaya, aka ƙetare iyaka da shi zuwa Nijar, har wani ƙauye da ake kira Tudun Gawo, inda ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Damo, yake zaune. Ya tsaya a ƙofar gida ya rera:

"Salamu alaikum, baƙo ya iso,
Hanya da nisa, ciki ba komai."

Kawu Damo ya fito yana murna, ya ce, "Maraba da ɗan 'yar'uwata. A shimfiɗa tabarma."

Al'adar garin nan, baƙo kwana uku ba ya ɗaga ko tsinke, kuma kowane gida sai ya aiko masa da akushi. Rana ta huɗu ya zama ɗan gida, a miƙa masa fartanya.

Aka jere masa tuwon gero miyar kuka, ga kwaɗon zogale, ga fura da nono. Ƙadangare ya yamutsa fuska ya ce, "Kawu, mu a birni ba mu saba da irin wannan ba."

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Bushiya, ita ke dama wa manoma fura. Ta ce, "Daure ka ɗan taɓa, ɗana."

Ya daure. Ya ɗan taɓa. Sai da aka ga gindin kowane akushi.

Ban da cin nan, komai na ƙauye laifi ne a wurinsa. Wai dare ya cika duhu. Wai zakara ba shi da tarbiyya, yana tashin mutane ba a sa shi ba. Wai rijiya ta yi zurfi, alhali ko igiyar guga bai taɓa ba.

Rana ta huɗu da asuba Kawu Damo ya jingina masa fartanya ya ce, "Ɗana, yau gayya ce. Duk gari za mu taru mu nome gona ɗaya, gobe mu koma ta wani."

Ƙadangare ya dubi fartanya, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Kash, Kawu, ai hutuna ya ƙare."

Aka raka shi har bayan gari. Da suka juya sai ya kewaye tudu ya ɓuya. Nan ya tsinci sauran lallen da mata suka zubar, ya dumbuza ya shafe kansa, ya kwana da shi. Kan ya yi jawur, kuma har yau jikokinsa ba su wanke shi ya fita ba. Da hantsi ya dawo ƙofar gidan, ya sauya murya:

"Salamu alaikum, baƙo ya iso,
Hanya da nisa, ciki ba komai."

Ya ce shi Alhaji Jangwada ne, daga Kumasi. Kawu Damo ba mai bin diddigin baƙo ba ne. Ya ce, "Maraba da Alhaji. A shimfiɗa tabarma."

Aka jere akusa. Alhaji ya yamutsa fuska. Bushiya ta ce ya daure. Ya daure. Amma da ya sunkuya cin tuwo, sai ta ga guntuwar wutsiya tana rawa a bayansa. Nan take ta gane shi.

Ku sani fa, tsakiyar damina ce, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sabo bai nuna ba. 'Ya'yan gari ake rage wa loma don a cika akushin baƙo. Ni dai nan ne Ƙadangare ya ba ni haushi, don yana ganin yara suna lasar yatsa bai ko ɗaga kai ba.

Da fartanya ta sake fitowa, Alhaji ya tuna yana da kaya a kan hanya. Aka raka shi. Ya kewaye tudu, ya cire tsumman da aka rataya a gona don korar tsuntsaye, ya naɗa rawani har ido. Ya dawo yana tafiyar ƙasaita:

"Salamu alaikum, baƙo ya iso,
Hanya da nisa, ciki ba komai."

Ya ce shi daga bayan teku yake, ƙasar da ruwa ke daskarewa don sanyi. Kafin Kawu Damo ya buɗe baki, Bushiya ta raɗa masa magana a kunne, sannan ta ce, "Wannan baƙon nawa ne, ku tafi gona abinku."

Aka jere akusa. Baƙo ya yamutsa fuska fiye da kullum ya ce, "Mu a bayan teku ba ma cin tuwo. Sai burodi mai laushi da shayi mai madara."

Ya gyara zama yana jiran a ce ya daure.

Bushiya ta ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Mun yi rashin hankali. Yara, ku kwashe akusan nan ku cinye. Ke Hawainiya, maza ki tafi Damagaram ki sayo wa baƙo burodi."

Kun dai san tafiyar Hawainiya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi tunani, ta mayar, ta sake ɗagawa.

Rana ta yi tsaka, cikin baƙo ya fara kuka. Wani ƙuda ya sauka a gefen tabarma. Baƙo ya zaro harshe ke nan, sai Bushiya ta ce, "Subhanallahi, ƙuda a gaban babban baƙo? Yara, ku kawo mafici." Aka sa yara biyu suna yi masa fifita, ko sauro bai sake giftawa ba.

Da yamma ya ce, "Iya, ina Hawainiya ta kai?"

"Ta kai bakin zaure, ranka ya daɗe."

Washegari ya ce, "Iya, ina Hawainiya ta kai?"

"Ta kai rijiya, ranka ya daɗe. Yau tana sauri."

Wanshekare muryarsa da ƙyar take fita. "Iya, ina Hawainiya ta kai?"

"Ta dawo, ranka ya daɗe. Ta ce a tambaye ka, mai tsawo kake so ko kewayayye?"

Idon Ƙadangare ya raina fata. Ya ce, "Iya, ai kwana uku sun cika. Ba za a ba ni fartanya ba?"

Bushiya ta dafe ƙirji. "Baƙon bayan teku da fartanya? Ai kai baƙuntarka sai an kai gero rumbu. Kwanta ka huta."

Daidai nan ya jiyo gangar noma, ga 'yan mata sun wuce da ƙoren fura a ka, ƙanshin citta da kanumfari yana binsu. Ƙadangare ya yi wurgi da rawani, ya tsallake masu fifita, ya zura da gudu sai gona.

"Kawu, ni ne, ɗan 'yar'uwarka!"

Kawu Damo bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ɗan 'yar'uwata ya koma Kano."

"Ban koma ba, Kawu. Ni ne Alhaji, ni ne na bayan teku. Don girman Allah ba ni fartanya."

Manoma suka kwashe da dariya, har mai ganga ya yar da makaɗi. Aka ba shi fartanya, aka nuna masa kunya ɗaya. Ya sare gero ya bar ciyawa. Aka gyara masa. Ya sari ɗan yatsansa. Aka ɗaure masa. Hannu ya yi kanta, baya ya ƙage, amma ya kai ƙarshen kunyar nan.

Aka zauna a inuwar gawo, ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya yana zagayawa. Da ya zo kansa ya kurɓa, sai ga hawaye. Tunda yake bai taɓa shan abin da ya kai furar nan daɗi ba. Ya miƙa hannu zai ƙara.

Bushiya ta janye ludayin, ta nuna masa gona da baki. Ta ce, "Na biyun yana ƙarshen waccan kunyar, ɗan gida."

Ya tashi ya ɗauki fartanya.

To kun ji. In kun je garin mutane, ku ci abin da suke ci, ku kama abin da suke kamawa, kada ku raina abincin da aka hana wani yaro aka ba ku.

Ƙurunƙus, ta ƙare, wuta ma ta zama toka. Kowa ya lalubi takalminsa.