Guguwa da Bahago

Akwai wani gwanin wasan tanis da ake yi wa laƙabi da Guguwa. In ya cilla ƙwallo sama ya maka mata raket, ƙara kawai za ka ji, ƙwallon ta riga ta wuce. Kofuna har kan firij ɗin gidansa, don kabad ta cika.

Sai dai bakinsa ba linzami. Wanda ya fi shan wulaƙancinsa shi ne Bahago, ɗan wasan da ke bugu da hagu. Sun sha haɗuwa a wasan ƙarshe, kullum Guguwa ke cinyewa. In an zo gaisawa a bakin raga, kan yatsu yake miƙa masa, yana kallon wani wajen.

Wata safiya yana ɗaure takalmi, raket ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Masu zuwa dubiya suka yi ta raguwa har suka ƙare.

Rannan matarsa ta leƙo ɗaki ta ce, "Baban yara, ka yi baƙo. Bahago ne."

"Dariya ya zo yi mini. Ce masa ina barci."

"Ai na ji ka," in ji Bahago daga bakin ƙofa. "Mai barci da faɗa haka? Tashi, ɗan'uwa. Dama ta tafi hutu, hagu kuwa sana'ata ce."

Ya tura shi a keken marasa lafiya har filin atisaye, ya damƙa masa raket a hagu. Ƙwallo ta zo, Guguwa ya kai duka, ya sami iska. Ya yi jifa da raket yana zagi. Bahago ya ɗauko ya mayar masa.

Haka suka yi watanni. Daga keke Guguwa ya koma sanda. Ran da ya tsaya da ƙafafunsa ya tsallakar da ƙwallo raga, sai ya fashe da kuka.

"Me ya sa kake yi mini wannan, bayan duk abin da na yi maka?"

"Don in cim maka nake tashi atisaye tun asuba. Kai ka mai da ni ɗan wasa, ko ba ka sani ba."

Guguwa ya share hawaye ya ce, "Matso. Duk sanda nasara ta kusa, kana ja da baya daga layi, kana jiran abokin wasa ya yi kuskure. A nan nake cin ka. Daga yau, shiga gaba."

A shekarar, Bahago ya kai wasan ƙarshe da wani matashi mai zafin hannu. Da aka zo bugun da zai raba gardama, fili ya yi tsit. Guguwa na cikin 'yan kallo. Ya ga Bahago ya tako gaba, ya tare ƙwallon a bakin raga, ya dasa ta a kusurwa.

Jama'a suka miƙe da sowa. Guguwa ma ya miƙe. Tafi ba ya yiwuwa da hannu ɗaya, sai ya riƙa dukan ƙirjinsa da hagu, hawaye na zuba.

Darasi: Kada ka raina wanda kake kayarwa yau, wataƙila shi zai ɗaga ka gobe. Alherin da ka yi wa wanda ya ɓata maka kuwa ba ya faɗuwa ƙasa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.