Sunan da Jelani Bai Taɓa Kira Ba

Akwai wani manomin albasa a garin Aliero, sunansa Jelani. Mutum ne mai sanyi, irin wanda za ku yi shekara kuna zama majalisa ɗaya ba ka taɓa jin dariyarsa ba. Matarsa Zulaiha ita ce mai surutun gidan, ita ke magana a madadinsu su biyu.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta, saura wata biyar ƙaramar Sallah. Ta bar masa yaro ɗaya, ɗan shekara biyu da rabi.

Jelani bai yi kuka ba. Ya zauna karɓar gaisuwa, ya ce amin duk inda ake cewa amin, rana ta takwas ya koma fadama. Mutane suka ce ga mai tawakkali. Ni dai ban ce ba tawakkali ba ne, amma shi ya san abin da ke ciki: ba ya jin komai. Tuwo ba daɗi, ba rashin daɗi. Ya wuni a rumfa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, ya dawo gida ya kwanta, gari ya waye ya sake.

Yaron kuwa Allah ya yi shi da ƙiriniya. Yau ya shiga akurki ya fito da ƙwai a aljihu, gobe ya jefa takalmin kakarsa cikin randa. Da uwarsa ta rasu sai abin ya ƙaru, kamar mai neman wani abu a kowane lungu na gidan. Kakar tasa, Gudiya, mahaifiyar Jelani, ga tsufa ga ciwon gwiwa, ba ta iya bin sa.

Ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifin Jelani aka sa masa, Waliyyu. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: kunya biyu ta haɗu a kan yaro ɗaya. Duk gidan Malam ake ce masa. Shi Jelani ko Malam ɗin ba ya faɗa. In ta kama dole, sai ya ce "kai", ko "wanga yaro". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba.

Zulaiha ce kaɗai ba ruwanta. A tsakar gida tana bin al'ada, amma da sun shiga ɗaki sai ta saki baki. Yaron yana da wani hali, in ya tsorata sai ya shige wani wuri ya yi tsit, ƙarƙashin gado ko bayan buhu. Ita kuwa sai ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ja sunan, "Waliyyuuu," sai ga shi ya rarrafo.

Jelani yakan ce, "Ke dai ba ki da kunya."

Ta ce, "Sunan da anka yanka mai rago da shi na. In ban kirai ba, wa ka kira?"

Ana cikin azumi saƙo ya zo daga Karaye ta ƙasar Maiyama. Inna Hajara, mahaifiyar Zulaiha, ta ce a kawo mata jikanta ta riƙe. Gudiya ta kira ɗanta ta ce, "Ka kai mata shi bayan Sallah. Ni ƙahwahuna sun gaza, kai kuwa ko kallonai ba ka yi."

Jelani ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ɗansa guda ɗaya zai bar gidan, wataƙila sai ya girma, amma da an ce masa gobe kasuwa, da irin wannan "to" ɗin zai amsa.

Sai dai akwai alkawari guda. Sallar bara Zulaiha ta ga bidiyon wani wurin wasan yara da aka buɗe a Jega, ta dame shi kwana uku, sai ya ce in Allah ya kai rai baɗi zai kai su. Ya faɗa ne don ta ƙyale shi. Ita kuwa ta riƙe maganar, har ta saya wa yaron 'yar hula ja ta ajiye a akwati don ranar.

Tunda Jega a kan hanya take, Jelani ya ce bari ya sauke wannan nauyin shi ma. Washegarin Sallah Gudiya ta yi wa yaron wanka, ta sa masa hular, ta ɗure kayansa a jaka. Suka shiga mota.

Daga Aliero zuwa Jega ba wata tafiya ba ce, amma yaron nan sai da ya gaisa da kowa a motar. Ya cire wa wani dattijo tabarau, ya zubar da zoɓon wata mata, ya so leƙa kai ta taga. Jelani dai ya riƙe masa bayan riga yana kallon hanya, jefi-jefi ya ce, "Kai."

Wurin wasan ya cika ya batse. Kiɗa na tashi, janareta na ruri, yara cikin sababbin kaya suna ihu. Ga lilo, ga wani gidan iska da ake tsalle a ciki, ga kuma babban lilo mai juyawa da dawakan roba, an kafa shi kan dandamalin katako, an zagaye ƙasansa da tamfol.

Jelani ya yanki tikiti, ya fara bin abin ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin layin albasa yana ban ruwa. Ya ɗora shi kan doki, kafin a tayar ya zame ya sauka. Ya kai shi gidan iska, ya fito ta inda ba ƙofa. Ya saya masa askirim, rabi a baki rabi a riga. Ya saya masa balan-balan, ya cije ta ta fashe. Kowane uba a wurin ko dai yana dariya ko yana faɗa. Jelani ba ya ko ɗaya.

Wajen azahar aka kashe janareta don a ƙara masa mai. Kiɗa ya ɗauke, dawakan suka tsaya. Jelani ya samu benci ya zauna, ya saki bayan rigar yaron don ya gyara jaka. Sai ya tsinci kansa yana kallon wani dokin roba mai karyayyen kunne. Ba tunanin Zulaiha yake ba, ba tunanin komai yake ba. Kallo kawai.

Bai ga lokacin da wani mutum cikin rigar zomo mai ƙaton kai ya sunkuyo yana ɗaga wa yaron hannu ba. Da ya waiwayo, zomon na tsaye yana waige-waige, yaro babu.

Ya miƙe. Ya duba bayan benci, ya duba wurin mai askirim, ya zagaya gidan iska. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Kai yaro!" Yara sun fi talatin suka juyo, babu nasa a ciki.

Wata mata ta nuna masa wani dattijo mai lasifikar hannu a bakin ƙofa, Lawali, wanda ke shelar yaran da suka ɓata. Lawali ya aika a tsare ƙofa, ya ce kada a tayar da janareta tukuna, sannan ya juyo.

"Ɗanka na?"

Jelani ya sunkuyar da kai. "Yaron gidanmu na."

"Mi as sunanai?"

"Malam aka ce mai."

Lawali ya kafa lasifika a baki ya ce, "Malam! Malam mai jar hula!" Rabin mazan wurin suka waiwayo, har da mai rake. Wasu suka yi dariya. Lawali ya sauke lasifikar ya dube shi da kyau.

"Bawan Allah, garin ga kowa Malam na. Sunan yanka nika tambaya."

Jelani ya buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Kusan shekara uku bai taɓa fitowa ba, bai san hanya ba.

Aka bazu ana nema. Aka duba bayan gida, aka duba cikin motoci, aka leƙa titi. Minti goma, minti ashirin. Rana ta ƙwalle, yara suka fara kuka, iyaye suka fara gunaguni. Surajo, mai kula da babban lilon, ya zo yana share gumi ya ce, "Baba Lawali, mutane za su cinye ni. Yaron ga ya hita waje, ba shi nan ciki. Ni dai zan tada inji."

Lawali ya ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Sannan ya ja Jelani gefe, ya rage murya.

"Ɗan hwari na, ko? Na gane tun ɗazu. Ni ma haka ubana yay yi da ni, har yab bar duniya ban ji sunana bakinai ba. Amma wanga yaro bai san muryata ba, lasihikar ga tsoro taka ba shi. In shina kusa, kai ɗai zai amsa ma."

Maganar tsoro ce ta tsaya wa Jelani. Ya tuna ƙarƙashin gado, ya tuna bayan buhu. Yaron bai fita waje ba. Yana nan wani wuri ya yi tsit, yana jiran a kira shi yadda ake kiransa. Mai kiran kuwa tana kwance a maƙabartar Aliero wata biyar.

Can gefe ya ji Surajo ya ja igiyar janareta. Ta yi tari ta mutu.

Jelani ya fita tsakiyar fili, gaban mata da maza, gaban mutanen Aliero da suka san shi suka san ubansa. Kiran farko da ya fito ko shi bai ji ba. Na biyu ya fito a shaƙe. Na uku ya ja shi kamar yadda take ja.

"Waliyyuuu!"

Surajo ya tsaya da igiya a hannu.

Sai tamfol ɗin da ke ƙasan babban lilon ya motsa. Wani ɗan hannu ya fito, sannan kai, ba hula, fuska duk baƙin mai da ƙura. Yaron ya rarrafo da sauri, ya miƙe, idonsa na ta yawo. Ya wuce ubansa da kallo, ya leƙa bayansa.

Ya ce, "Umma?"

Ashe shi a saninsa, mutum ɗaya ke da wannan sunan a baki.

Jelani ya durƙusa cikin ƙasa da rigar Sallarsa, ya ce, "Ni na. Ni na, Waliyyu." Yaron ya tsaya yana kallonsa kamar baƙo. Sannan ya matso, ya sa yatsa ya taɓa ruwan da ke gangarowa a kumatun ubansa, ya duba yatsan. Jelani ya rungume shi, kukan wata biyar ya zo masa gaba ɗaya, irin kukan da babba ba ya iya yi a hankali.

Surajo ya ɗaga tamfol ɗin ya leƙa. Jar hular na can ciki, rataye a jikin belin da ke juya dawakan. Ya saki tamfol, ya zauna a ƙasa.

Bayan la'asar suka sauka Maiyama, suka hau babur zuwa Karaye. Inna Hajara ta share ɗaki, ta dama fura, har ta sa an ɗaure awaki saboda ta ji labarin jikan nata. Jelani ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, jakar kayan na gefensa. Ba a gama gaisuwa ba yaron ya zame ya nufi bakin rijiya.

"Waliyyu, taho nan."

Sunan ya fito wa Jelani ne kawai. Matan gidan suka dubi juna, wata ta rufe baki da gyale. Yaron kuwa ya yi birki, ya juyo, ya zo ya haye cinyar ubansa ya zauna, abin da ba a taɓa gani ba.

Inna Hajara ta daɗe tana kallonsu.

Jelani ya ce, "Inna, na taho in kawo miki shi. Ga kayanai nan. Amma wallahi ban iyawa."

"Wa za ya yi mai wanka? Wa za ya bi shi? Gudiya ba ta da ƙahwa."

"Ni. In kin koya min."

Tsohuwar ta jawo jakar, ta buɗe, ta ga rigunan da 'yarta ta ɗinka da hannunta. Ta mayar ta zuge, ta tura masa ita gabansa.

"Ku kwana biyu nan in nuna maka yadda aka yi. Sannan ku koma gidanku." Ta goge ido da bakin zane. "Amma sake kiranai in ji. Tun ranar da anka ɗauke ta ban ƙara jin sunan ga ba."

Darasi: Kunya abu ne mai kyau, kuma ba mu ce a watsar da ita ba. Amma kada ta kai ga ɗanka bai san muryarka da sunansa a ciki ba, don akwai ranar da ba wanda zai kira shi sai kai. Ka ɗauke shi, ka kira shi, tun yana iya amsawa. Ku tura wannan labari ga iyaye maza da kuka sani, musamman masu shirun nan.